Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Rawar Makrofej a Sankarar Mama

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kimanin miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a 2022, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Abin da ya fi kisa shi ne bazuwar cutar zuwa huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wannan maƙala na ganin cewa sankara ba ta iya wannan tafiya ita kaɗai, sai da hannun wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofej.

Aikin makrofej na asali shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da gyara rauni. Tun 1863 Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, aka daɗe ana zaton yaƙi ya kawo su. A 1996 Leek da abokan aikinsa a Oxford suka nuna akasin haka: ƙarin mama da ke cike da makrofej ya fi yawan sababbin jijiyoyin jini, masu shi kuma sun fi saurin rasuwa.

Ga yadda abin ke gudana. Ƙarin yana fitar da sinadaran CSF-1 da CCL2, waɗanda ke janyo fararen ƙwayoyi daga jini, su rikiɗa zuwa makrofej. Da sun isa tsakiyarsa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai su ɗauke shi a matsayin rauni, su shiga fitar da sinadarin VEGF mai tsiro da jijiyoyin jini. Suna kuma sakin sinadarin EGF, ƙwayoyin sankarar su biyo shi har bakin jijiya, su kutsa cikin jini. Sannan sukan kashe kaifin ƙwayoyin T, waɗanda ya kamata su hallaka ƙarin. A 2001 ƙungiyar Jeffrey Pollard a Amurka ta gwada ɓerayen da ba su da CSF-1: ƙari ya fito, amma bazuwarsa zuwa huhu ta yi jinkiri ƙwarai.

Wani zai ce to a kawar da su mana. Sai dai jiki ba ya rayuwa babu makrofej, kuma magungunan da ke toshe CSF-1 ba su kawo wa masu sankarar mama nasarar da aka gani a ɓeraye ba. Don haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a juya halinsu, su koma cin ƙwayoyin sankara. Kafin hakan ta tabbata, gano ƙari tun bai bazu ba shi ne babban makamin da ke hannun likita da majinyaciya.