Kaduna ta Arewa a yini ɗaya: inda aka gina Jihar Arewa, da inda ta fara rushewa

1/ Kullum muna nan muna musu a kan Sardauna, wannan ya yaba, wancan ya kushe. Amma tsakani da Allah, mu nawa muka taɓa taka gidan da ya zauna? Ni kaina a Unguwar Sarki na tashi, sai da malaminmu ya tilasta mana sannan na je. Kunya ta kama ni wallahi. Ga wurare biyar da za ku zaga a hutun nan.

2/ Fara da Gamji, bakin kogi. Akwai 'yar gadar ƙarfe da muke ɗaukar hoto a kanta, ba mu san mece ce ba. A Zungeru Lugard ya gina ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Turawa. A 1917 hedikwata ta dawo Kaduna, daga baya aka kwance gadar aka kawo ta nan. Tun 1956 take cikin kayan tarihin ƙasa.

3/ Me ya sa Kaduna? Ga ruwa, ga layin dogo, sannan ba fadar wani babban sarki ba ce kamar Kano ko Zazzau. Shi ya sa kowa ya zo ya zauna, shi ya sa har yau ake faɗan "garin wa ne?"

4/ Daga nan sai Lugard Hall, mai ƙubbar nan. Nan Majalisar Wakilai da ta Sarakunan Arewa suka zauna. A wannan majalisa ce, a 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya nemi a gyara mulkin En'e. A zamanin da ba a ɗaga wa sarki murya fa! Yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce a wurin.

5/ Dandalin Murtala, da filin sukuwa ne. Nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake wani gagarumi a 1977 lokacin FESTAC. Ka tambayi kakarka, ƙila tana wurin.

6/ Gidan tarihi na titin Ali Akilu: ginin jam'iyyar NPC ne, aka mai da shi gidan tarihi a 1975. Ka nemi gumakan yumɓu na Nok, sun haura shekara 2,000. Wato tarihin ƙasar nan bai fara da Lugard ba, bai kuma fara da 1804 ba.

7/ Ƙarshe, Arewa House, titin Rabah. Nan gidan Firimiya yake. Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi a nan, tare da matarsa Hafsatu. Zuwa Mayu 1967 an raba Arewa jiha shida. A 1970 aka fara mai da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranta, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

8/ Na tsaya a harabar nan jikina ya yi sanyi. Mutumin bai wuce 55 ba. Ban fito da amsar ko gwarzo ne ko mai kuskure ba, amma na daina magana a kansa da gatse.

9/ Kuɗin Keke Napep ɗin duka bai kai na shawarma biyu da lemo ba. Ka ɗauki ƙannenka ku je, a ranar aiki ya fi. Gani ya kori ji. In kun dawo, sai mu ci gaba da musun.