Daga askin Amakiri zuwa dokar 2011: Tarihin masu kare 'yancin jarida a Nijeriya

WANI matashi da ke aiki a wani gidan rediyo ya tare ni da tambaya kwanan baya: wai shin akwai amfani mutum ya shiga ƙungiyoyin nan masu fafitikar kare 'yancin jarida, ko kuwa katin shaida kawai ake samu da sitikar mannawa a gilashin mota? Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta girme shi. Sai an koma baya an ga abin da waɗanda su ka shiga tun farko su ka tarar, da abin da su ka iya yi, da kuma wanda ya gagare su.

Mu fara daga Fatakwal. A ran 30 ga Yuli, 1973, jaridar Nigerian Observer ta buga labarin koke-koken malaman makaranta na Jihar Ribas, wanda wakilin ta Minere Amakiri ya aiko. Sai aka yi rashin sa'a ranar ta zo daidai da ranar haihuwar gwamnan soja na jihar, Alfred Diete-Spiff. Dogarin gwamna ya sa aka kamo Amakiri, aka yi masa askin wulaƙanci, aka zane shi bulala 24, sannan aka kulle shi. Da shi kaɗai ne, da nan maganar ta mutu. To amma Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya, wato NUJ, wadda aka kafa a Legas tun ran 15 ga Maris, 1955, da editocin jaridu su ka ƙi barin ta ta mutu. Lauya Gani Fawehinmi ya shiga shari'ar, kuma a 1974 kotu ta ba Amakiri gaskiya tare da diyya ta kimanin N10,000. A lokacin da soja ke mulki fa ake magana!

Bayan shekara goma sai abin ya sake salo. Ba bulala kuma, doka aka yi. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda ta haramta buga labarin ƙarya game da jami'an gwamnati, har ma da duk labarin da zai jawo wa gwamnati ko jami'in ta raini. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗai-ɗai a ran 4 ga Yuli, 1984, saboda labarin naɗin jakadu, aka ci jaridar tarar N50,000. Mai karatu ya riƙe sunan Irabor, za mu sake gamuwa da shi. Janar Babangida ya soke dokar da ya hau mulki a Agustan 1985, aka yi ta tafi. Ba a daɗe da gama tafin ba, a ran 19 ga Oktoba, 1986, aka kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam ɗin da aka ƙunsa cikin wasiƙa. Har yau ba a hukunta kowa ba.

A wannan tsakanin ne aka gane cewa ƙungiyar ma'aikata ita kaɗai ba za ta wadatar ba. NUJ ta 'yan jarida ce zalla, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan ta albashin gwamnati su ke ci, musamman a nan Arewa inda a wancan lokacin New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da gidajen rediyo duk na hukuma ne. Wanda ke ciyar da kai kuwa ba ka cika ɗaga masa murya ba. Saboda haka sai wasu irin ƙungiyoyi su ka ɓullo, waɗanda ƙofar su a buɗe ta ke ga lauya da malami da ɗalibi. A 1987 Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo su ka kafa Civil Liberties Organisation, wato CLO. A 1993, shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, aka kafa Media Rights Agenda, wato MRA, wadda Edetaen Ojo ya daɗe ya na jagoranta.

Me mutum ke yi idan ya shiga irin waɗannan? Gaskiya aikin ba irin na jarumin fim ba ne. Mafi yawan sa rubutu ne da zirga-zirga: a gano ofishin da aka tsare wane, a rubuta ranar da aka kama shi, a nemo lauya, a je a ga iyali, a aika wa ƙungiyoyin waje irin su CPJ ta Amurka da RSF ta Faransa domin su yi kururuwa inda sojan Nijeriya ba zai iya toshe masu baki ba. Da Doka ta 43 ta 1993 ta ce sai kowace jarida ta biya N100,000 na rajista, ta kuma ajiye N250,000, kotunan cikin gida ba su da ta cewa, domin soja sun riga sun ƙwace masu ikon sauraren ƙara a kan dokokin su. Sai MRA da abokan ta su ka kai kuka Banjul, gaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afrika. Hukumar ta ba su gaskiya a 1998. A lokacin an riga an rufe The Guardian da Punch da Concord a 1994, an kuma buɗe su, wato dai hukuncin ya zo bayan an sha wuya. Duk da haka ya zama hujjar da lauyoyi a sauran ƙasashen Afrika ke kafawa da ita.

Zamanin Janar Abacha ne gwajin ya kai maƙura. A 1995 kotun soja ta ɗaure 'yan jarida huɗu bisa zargin hannu a juyin mulki: Kunle Ajibade na TheNews, Chris Anyanwu ta TSM, George Mbah na Tell, da Ben Charles Obi na Classique. Daga baya aka mayar da hukuncin shekara 15 kowanne. Ƙungiyoyin nan ba su iya fito da su ba, sai da Abacha ya rasu a Yunin 1998 sannan aka sako su. Abin da su ka iya shi ne hana a manta da su. Chris Anyanwu ta na kurkuku CPJ ta ba ta lambar yabo a 1997, UNESCO ma ta ba ta tata a 1998. Fursunan da duniya ta san sunan sa ya fi wuyar ɓatarwa.

Wanda sunan sa bai kai can da wuri ba shi ne Bagauda Kaltho, ɗan Ɓilliri a Jihar Gombe ta yanzu, wakilin TheNews a Kaduna. A farkon 1996 aka neme shi aka rasa. Sai a Agustan 1998, bayan fiye da shekara biyu, 'yan sanda su ka fito su ka ce wai shi ne mutumin da bam ya tashi da shi a otal ɗin Durbar na Kaduna cikin Janairun 1996, kuma wai shi ya kai bam ɗin. Iyalan sa da abokan aikin sa ba su yarda ba, maganar ta je har gaban kwamitin Mai Shari'a Oputa. A ganina labarin Kaltho ya tona wani rauni: kusan duk ƙungiyoyin a Legas su ke, da Turanci su ke magana, kuma tsakanin Legas da Kaduna akwai nisan da ya wuce na kwalta. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu ma a nan mun ɗauki abin kamar rigimar 'yan Kudu ce, sai da 'yan fim su ka fara kwana a kurkuku a Kano a 2007 da 2008 sannan wasun mu su ka fara tambayar ina lauya, ina ƙungiya.

Babban abin da ƙungiyoyin su ka bari shi ne dokar 'yancin samun bayanai. Tun a 1993 MRA da CLO da NUJ su ka fara tsara daftarin ta, a lokacin da ko majalisar da za a kai wa ba a da tabbacin ta. Su ka ajiye shi har mulkin farar hula ya dawo a 1999. Cikin 'yan Majalisar Wakilai da su ka gabatar da ƙudirin akwai Nduka Irabor, shi ɗin dai da aka ɗaure a 1984. Wakilai su ka amince a 2004, Dattawa a 2006, amma Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba. Aka koma farko. Sai a ran 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu, shekara 18 da fara aikin.

Dokar ba ta 'yan jarida ce kaɗai ba. Kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma dole a amsa masa cikin kwana bakwai. Wanda kotu ta samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba tarar sa N500,000 ce. Marubuciyar da ke son sanin yadda aka kashe kuɗin ɗakin karatu a garin su, ko furodusan da ke son ganin ƙa'idar da aka bi aka hana fim ɗin sa fita, duk ta shafe su. Jihohi da dama sun yi shekaru su na cewa ai dokar ta tarayya ce, ba ta hau kan su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. Ita ma wannan shari'ar 'yan ƙungiyoyin fafitika ne su ka faro ta daga Jihar Edo, su ka yi shekaru su na bin ta.

Da na kawo nan, matashin nan ya ce to shi bai ga inda aka raba kuɗi a labarin ba. Na ce masa ni ma ban gani ba. Ya yi dariya, sannan ya tambaye ni yadda ake rubuta takardar neman bayanin.