'Yar Tsana da Motar Kara a Ƙasar Hausa

Tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, yaran Hausawa su ne ke yi wa kansu kayan wasa a cikin gida. 'Yan mata kan sami ƙashi ko karan dawa su yi 'yar tsana, su ɗaura mata tsumma, su goya ta. Har aure akan yi mata: a yi jere da sakaina, a tuƙa tuwon ƙasa, a kai amarya da guɗa. Yara maza kuwa sukan hau dokin kara, su gina shanu da raƙuma da laka.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka yawaita, sai yara suka kwaikwayi abin da suke gani. Aka shiga ƙera motar kara, daga baya ta gwangwani da ta waya.

A wannan wasa yarinya ke koyon reno da girki, yaro kuma ke koyon aikin hannu da haƙuri. Kayan roba na kanti a ƙere suke zuwa, shi ya sa wannan tarbiyya ke neman ɓacewa. Ya kamata malamai su farfaɗo da ita a makarantu, tun dattawan da suka iya suna raye.