Asalin Dabarar Duban Inji Tun Aiki Bai Ɓaci Ba

Kowane inji, kome ƙarfinsa, yana gajiya. In an daɗe ana aiki da shi haƙoransa su kan dakushe, ƙusoshinsa su saki, ya shiga fid da kaya marasa kyau, alhali kuwa yana ta ruri kamar lafiya lau. Saboda haka masu masana'antu suka daɗe suna tunanin yaushe ya kamata a tsai da shi.

Cikin shekarar 1913 wani injiniyan Amurka, Ford Harris, ya fid da lissafi a kan wannan. Ya nuna in ana yawan tsai da inji, kuɗin sake shirya shi ya yi yawa. In kuwa an bar shi ya zuba kaya birjik, kuɗin ajiya ya cinye riba. Lissafinsa ya nuna tsaka-tsaki, amma ya ɗauka duk abin da inji ya fitar mai kyau ne.

A zamanin nan sai an gama aiki sa'an nan a duba, a ware ɓatacce a zubar. Ran 16 ga Mayu, 1924, Walter Shewhart, wani masani na kamfanin Western Electric mai ƙera tarho, ya miƙa wa shugabansa takarda mai shafi guda, da zane a ciki. An ja layi a tsakiya, da iyaka sama da ƙasa. Lokaci lokaci a kan ɗebi kaya kaɗan a auna, a ɗiga alama. Muddin ɗigon na cikin iyaka, a ƙyale inji, gama yawan taɓa shi ƙara ɓarna ya ke yi. In ya ƙetare, a tsaya a binciki dalili.

A 1950 Edwards Deming ya koya wa injiniyoyin Japan wannan dabara, suka riƙe ta hannu bibbiyu, har kayansu da a da a ke rainawa suka yi suna a duniya.

Daga baya, a 1986, masana biyu, Rosenblatt da Lee, suka gyara lissafin irin na Harris, suka sa lalacewar inji a ciki. Suka tarar injin da ke lalacewa gara a gajarta zangon aikinsa, ko da kuɗin shiri zai ƙaru, don hasarar kayan da suka ɓaci ba a sani ba ita ce mai zafi. Dā ma Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.