Asalin Kalma: Cok

Da sanyin safiyar hunturu, in babur ya ƙi tashi, abin da bakanike zai fara tambaya shi ne, "Ka ja cok?" Kalmar daga Turanci muka aro ta, ma'anarta shaƙewa. Sunan kuwa ya dace da aikin: wani ɗan faifai ne a bakin kafireta da ke tare hanyar iska, sai fetur ya rinjaya, injin da ya kwana cikin sanyi ya samu ya kama. A wasu baburan ma babu faifan, wata 'yar kafar fetur ce ake buɗewa, amma sunan bai canza ba.

In cok ya maƙale a rufe, za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, babur ya riƙa shan mai. In kuma ba ya rufewa, sai ka gaji da buga kik. Sau tari laifin wayar cok ne da ta yi tsatsa, ko datti ya cushe wurin. A wanke, a ɗiga wa wayar mai. Don Allah, da zarar inji ya ɗumama, ka mayar da cok wurinsa.