Wasan da Ba Shi da Ƙarshe: Tarihin Buɗaɗɗiyar Duniya Daga Yashin Omdurman Zuwa Kwamfuta

A watan Yulin 1903 aka gwabza yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a hannun sojojin Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da sauran jama'a, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Tun kafin wannan hijira, maniyyata daga ƙasar Hausa sun daɗe suna bin wannan hanya a ƙasa zuwa Makka, kuma da yawa daga cikinsu sun tsaya neman guzuri a Sudan, zaman ya zarce. Zuriyarsu na nan a yankin Gezira da Gadarif da Kassala da Port Sudan, haka kuma a Khartoum da Omdurman, har zuwa Alsawra, unguwar da ta miƙe arewa da tsohon garin Omdurman zuwa wajen Karari, wadda aka rarraba shiyya-shiyya, kowace da lambarta.

Cikin abubuwan da matafiyi ba ya buƙatar jaki ya ɗaukar masa akwai wasa. Dara tana cikin kai. Duk inda aka sauka, sai a tona gurabu talatin a ƙasa, layi biyar na gurabu shida-shida, kowane ɗan wasa ya nemi 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan tsinke. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗan abokin karawarsa. A kwarin Nilu kuwa akwai 'yar'uwarta mai suna siga, wadda ita ma a yashi ake tona ta: gurabu ashirin da biyar, 'ya'ya goma sha biyu ga kowa, a bar gurbin tsakiya babu kowa, kuma ana cin ɗa ne idan aka sa shi a tsakiyar 'ya'ya biyu na abokin hamayya.

Dara da siga wasanni ne masu doka da ƙarshe. Dole wani ya ci, wani ya sha kaye. Amma a gefen dattawa masu dara akwai yara masu wasan ƙasa. Su ba su da alƙali. Suna gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi, su zagaye shi da katanga, su haɗa motar kara su ja ta zuwa kasuwar da suka ƙirƙira, in sun gaji su rushe su sake. Ba a cin wasan ƙasa, ba a faɗuwa a cikinsa, kiran sallar magariba ko na uwa ne kawai ke tashinsa. Wannan rarrabewa ita ce mabuɗin fahimtar wani reshe na wasannin kwamfuta wanda Turawa suka ba sunaye biyu. Na farko ma'anarsa buɗaɗɗiyar duniya, wato fage mai faɗi da ɗan wasa zai nufi duk inda ya ga dama. Na biyu ma'anarsa akwatin yashi, irin wanda ake ajiye wa yara a lambunan shaƙatawa, wato wasan da ke miƙa kayan aiki ya bar mutum da dabararsa. Bahaushe ba ya buƙatar aron wannan suna na biyu, domin wasan ƙasa ya ishe shi.

Kogo, taurari da birni

A 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, ya rubuta wasan Colossal Cave Adventure. Crowther mai sha'awar shiga koguna ne, kuma ya ɗauko fasalin wasan daga wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya. Kwamfuta takan bayyana wurin da mutum yake da kalmomi, shi kuma ya rubuta umarni, ya ce arewa, ko ya ce ɗauki fitila. A shekara mai zuwa Don Woods ya faɗaɗa shi. Abin da ya bambanta shi da wasannin zamaninsa shi ne, ɗan wasa na iya ɓata a ciki, ya koma baya, ya zana taswira a takarda.

Babban tsalle ya zo ne a 1984 daga hannun ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge a Ingila, David Braben da Ian Bell. Wasansu mai suna Elite ya fito ne a kan kwamfutar BBC Micro, wadda ma'ajiyarta kilobait 32 ce kacal, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba. Duk da haka sun cusa tarin taurari takwas a ciki, kowanne da duniyoyi 256. Dabararsu ita ce, ba su adana duniyoyin ba. Sun adana 'yan lambobi ne da ƙa'idar lissafi, kwamfuta kuma ta riƙa haifar da suna da matsayi da farashin kaya na kowace duniya daga waɗannan lambobi, kamar yadda ƙwayar gero ke ɗauke da zangarniya. Ɗan wasa na iya zama falke mai sayen kaya da araha ya kai inda suke tsada, ko ɗan fashi, ko mafaraucin 'yan fashi. Wasan bai zaɓa masa ba.

Bayan shekara biyar, a 1989, SimCity na Will Wright ya fito. Kamfanoni sun yi ta ƙin karɓarsa saboda ba su ga yadda za a sayar da wasan da ba a cinsa kuma ba a faɗuwa ba, har sai da Wright da Jeff Braun suka kafa kamfaninsu mai suna Maxis. A cikinsa mutum magajin gari ne: ya yanka filaye, ya ja wutar lantarki, ya sa haraji, ya ga yadda jama'a ke ƙaura in ya tsawwala musu. Karɓuwar da ya samu ta nuna cewa manya ma suna da ƙishin wasan ƙasa.

Zamanin manyan duniyoyi

Farkon wannan ƙarni ya zo da kwamfutoci masu iya zana birni sukutum a tsaye. Grand Theft Auto III, wanda kamfanin DMA Design na Sikotland ya yi, ya fito a 2001, ya shiga kwamfuta a 2002, ya kuma zama abin kwaikwayo ga sauran kamfanoni. Labarinsa na 'yan daba ne da kisa da alfasha, shi ya sa hukumomin tace wasanni suka keɓe shi ga manya. A 2002 ɗin dai Bethesda ta fitar da Morrowind tare da kayan aikin da aka gina shi da su, ta yadda masu wasa za su ƙara garuruwa da labarai nasu. Magajinsa Skyrim, na watan Nuwamban 2011, har yanzu yana raye saboda irin waɗannan ƙare-ƙare.

Ba duka daga manyan kamfanoni suka fito ba. 'Yan'uwa biyu a Amurka, Tarn da Zach Adams, sun saki Dwarf Fortress kyauta a 2006, wasan da ke ƙirƙirar tarihin ɗaruruwan shekaru, da sarakuna da yaƙe-yaƙe, kafin ɗan wasa ya sa ƙafa. A Turkiyya kuma Armağan Yavuz da matarsa İpek suka soma Mount & Blade, wanda ya fito a 2008, sai Warband a 2010. Duniyarsa ta dawakai ce da ayari da kasuwanni da biranen ganuwa, kuma duk wanda ya san tarihin fatake tsakanin Kano da Gwanja zai gane yanayinta nan take.

Wanda ya fi kowa kusanci da wasan ƙasa shi ne Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Siwidin ya fara fitarwa a watan Mayun 2009. Duniyarsa gaba ɗaya tubala ce, ana haƙa su, ana ɗora su, kuma kamar Elite, daga lamba guda ake haifar da ita. Microsoft ta sayi kamfaninsa na Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Tun 2012 hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soma amfani da shi a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa, ciki har da na Kibera a Nairobi, ke zana yadda suke son filayensu su kasance kafin magina su kama aiki. A watan Maris na 2020 ƙungiyar Reporters Without Borders ta buɗe ɗakin karatu a cikin wasan, ta zuba rubuce-rubucen 'yan jaridar da aka haramta a ƙasashensu.

Yadda lamarin ya kasance a Sudan

Yawancin wannan bunƙasa ta faru ne a lokacin da ƙofar Sudan take rufe. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin kasuwanci a watan Nuwamban 1997. An sassauta ɓangaren kayan sadarwa a watan Fabrairun 2015, aka ɗage takunkumin a watan Oktoban 2017, sannan aka cire Sudan daga jerin ƙasashen da ake zargi da goyon bayan ta'addanci a watan Disamban 2020. A tsawon waɗannan shekaru matashin Alsawra ba shi da katin bankin da kasuwannin intanet ke karɓa, ko da yana da kuɗin. Wasanni sun riƙa isowa ta hannu, a kwafaffen faifai ko a filas, kamar dai yadda aka saba a Kano da Maraɗi. Wasan da ya yaɗu shi ne wanda tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka, wanda kuma ba ya neman intanet.

Ɗage takunkumi bai kawo ƙarshen matsalar ba. An katse intanet ɗin waya fiye da wata guda daga watan Yunin 2019, an sake katsewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, a watan Fabrairun 2024 kuma sadarwa ta ɗauke a kusan dukan ƙasar. Yankin Karari, inda Alsawra take, ya cika da waɗanda suka gudo daga sauran sassan babban birnin. Makarantu sun rufe, miliyoyin yara suka zauna a gida. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartoum, ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Omar Bashir a Jami'ar Ahlia ta Omdurman kuma ya ƙone.

A daidai wannan lokaci wani abu ya faru a duniyar wasanni wanda ya shafi wannan batu kai tsaye. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe na'urorin da ke riƙe da The Crew, wasan tseren motoci na 2014 wanda taswirarsa ta game Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa. Da yake wasan ba ya tashi sai da intanet, duk wanda ya saya ya wayi gari babu komai a hannunsa. Hakan ya haifar da gangamin Stop Killing Games na neman doka ta hana irin wannan. Abin da ya zo wa ɗan wasan Turai da mamaki a 2024, ɗan Omdurman ya daɗe da saninsa: duniyar da makullinta ke hannun wani, aro ce.

Abin da tarihin ya nuna game da zaɓi

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ma'auni uku ga mai neman wasa irin wannan a kwamfuta. Na farko, ya tashi ba tare da intanet ba. Na biyu, ya gudana a ƙaramar kwamfuta. Na uku, ya ba da damar gini da gyara. Wanda ya fi cika su duka shi ne Luanti, wanda Perttu Ahola ɗan ƙasar Finland ya soma a 2010 da sunan Minetest, aka sauya masa suna a 2024. Kyauta ne, ba shi da nauyi, rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kuma kowa na iya fassara kalmominsa zuwa harshensa. OpenTTD, na gina layin dogo da hanyoyin sufuri, shi ma kyauta ne. Cikin na saye, Minecraft da Terraria na 2011 da Warband ba sa wahalar da tsohuwar na'ura. Mai kwamfuta mai ƙarfi kuma mai son tarihin Nilu zai amfana da Assassin's Creed Origins na 2017, wanda aka kafa a Masar ta zamanin Kiliyofatira, musamman sashen yawon ilimi da aka ƙara masa a 2018, inda babu faɗa sai zagaya da bayani.

Hausawa ma sun taɓa bayyana a wasan kwamfuta. A watan Agustan 2021 aka ƙara su tare da Habashawa a cikin Age of Empires III, da Sarauniya Amina a matsayin jagora. Wannan wasan dabarun yaƙi ne, kuma wasu ne suka zaɓi abin da za a nuna da abin da za a bari. A wasan gini, zaɓin na mai wasa ne. Yaron Alsawra da ya san fasalin zauren kakansa, da inda rumbu yake, da lungun da ke ɓullewa kasuwa, yana iya ɗora su tubali bisa tubali, ya adana a filas, ya miƙa wa ɗan'uwansa da ke gudun hijira a Alƙahira ko a Chadi. Ginin tubalin kwamfuta ba zai mayar da littafin da ya ƙone ba, ba kuma zai buɗe makaranta ba. Abin da zai iya shi ne riƙe siffar wuri har zuwa ranar da za a sake gina shi da laka da siminti, kamar yadda mutanen Mai Wurno suka riƙe gurabun dara talatin a cikin kansu tun daga ƙasar Sakkwato har bakin Nilu.