Asaikulobiya da Kumburin Ƙwaƙwalwa: Ƙarfin Magani ko Saurin Isarsa?

Wannan maƙala ta ɗauki matsayin cewa amfanin maganin da ke toshe enzayim ɗin bairos a ƙwaƙwalwa ya fi rataya a kan isarsa wurin ciwo da wuri, fiye da ƙarfinsa a ɗakin gwaji. Hujja mafi bayyana tana cikin kumburin ƙwaƙwalwa da bairos ɗin harfis ke haddasawa, wato ƙwayar nan mai fesa ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Idan ta kai ƙwaƙwalwa takan ci sashen da ke saitin kunne, sai maras lafiya ya rikice, ya riƙa jijjiga, ya kasa gane 'yan gidansu. In ba magani, kusan kashi 70 cikin ɗari ke rasuwa.

Asaikulobiya, wanda Gertrude Elion da abokan aikinta suka bayyana a 1977, ba ya aiki sai bairos ɗin da kansa ya tayar da shi. Enzayim ɗin ƙwayar mai suna taimidin kainas ne ke fara maƙala masa fosfet, ƙwayoyin jikin mutum su ƙara biyu, sannan ya toshe enzayim ɗin da ke kwafar DNA na bairos, sarƙar ta tsinke. Shi ya sa illarsa ga lafiyayyun ƙwayoyin jiki kaɗan ce. A gwajin Suwidin na 1984 mace-mace ta tsaya a kashi 19 cikin ɗari, alhali tsohon magani bidarabin ya bar kashi 50. Gwajin Richard Whitley a Amurka a 1986 ya samu kashi 28 da asaikulobiya, kashi 54 da bidarabin. Sai dai kusan rabin yawan maganin da ke cikin jini ne kawai ke ƙetarawa zuwa ruwan laka, don haka ake ɗura shi ta jijiya, miligiram 10 kan kowane kilo, duk bayan awa 8, tsawon kwana 14 zuwa 21, ana kuma kiyaye ƙoda da isasshen ruwa.

Wani zai ce bijirewar ƙwayar ce babbar barazana, don haka a karkata bincike ga sababbin magunguna irin su piritelibiya, mai toshe wani enzayim dabam. Maganar tana da tushe, domin bairos yakan sauya taimidin kainas ɗinsa. Amma hakan ya fi aukuwa ga masu raunin garkuwar jiki, kuma akwai maganin foskanet da ba ya buƙatar wannan enzayim. Jinkiri kuwa yana cutar da kowa: binciken Faransa na 2002 ya danganta wuce kwana biyu a asibiti ba a fara magani ba da mummunan sakamako, tunda magani ba ya rayar da ƙwayar ƙwaƙwalwar da ta riga ta mutu. Wannan ya shafi arewacin Najeriya da kudancin Nijar kai tsaye, inda zazzaɓi mai jijjiga kan sa a fara zargin maleriya ko sanƙarau, gwajin PCR na ruwan laka kuma bai wadata ba. Ya kamata likita ya fara ɗura asaikulobiya da zarar ya yi zargi, kafin sakamakon gwaji ya fito.